Gajerun itatuwan filin kiwo da kokawarsu da ciyawa

A yammacin Amurka, idan gobarar daji ta cinye filin kiwo, hukumar da ke kula da filayen gwamnati takan ɗauko jirgin sama ta watsa irin wani gajeren itace da suke kira sejburash. Sunansa na kimiyya Artemisia tridentata, dangin tazargade ne, kuma ƙwayar irinsa ƙanana ce ƙwarai har kilo ɗaya na ɗauke da miliyoyi. A watsa, a kashe kuɗi masu yawa, a dawo bayan shekara biyu ko uku a tarar a wurare da yawa, musamman masu zafi da ƙarancin ruwa, babu komai sai ciyawa. Kuma fa sau da yawa irin ya tsiro, mutuwa yake yi tun bai cika shekara ba, saboda ya buɗe ido ya tarar an riga shi shanye ruwan da ke ƙasa.

Wannan matsalar ce ta sa masana inganta iri suke tambaya ko za a iya tace irin waɗannan gajerun itatuwa har a samu wanda zai iya tsayawa a tsakiyar ciyawa. Idan na ce gajeren itace ina nufin wanda bai kai bishiya ba, mai fitar da rassa tun daga gindi, wanda dabba ke kaiwa ga ganyensa tana tsaye. A busassun filaye shi ne rumbun dabbobi, domin lokacin da ciyawa ta bushe ta zama kara shi yana nan da ɗanyen ganye mai furotin, yana riƙe ƙasa kar iska ta kwashe, tsuntsaye da namun daji suna fakewa a ƙarƙashinsa. Ni dai ra'ayina shi ne za a iya, amma sai an gyara wurin da ake gwajin da kuma abin da ake dubawa, don yawancin aikin da aka yi a baya an zaɓi iri ne a wurin da babu abokin kokawa.

Bari mu fara da inda ake faɗan. Babban itacen da ya riga ya kafu ba ya tsoron ciyawa sosai, saboda uwar saiwarsa ta nutse mita biyu ko fiye tana shan ruwan da ciyawa ba ta iya kaiwa. Wani masani Bajamushe, Heinrich Walter, wanda ya yi aiki a busassun filayen Namibiya, shi ya yi fice da bayanin cewa ciyawa da itace kamar sun raba ƙasa hawa biyu ne, ciyawa ta riƙe sama, itace ya riƙe can ƙasa. To amma ɗan tsiro ai daga sama yake farawa, dole saiwarsa ta ratsa ta cikin wannan hawan na ciyawa kafin ta isa nata, kuma wannan santimita talatin ko arba'in na farko su ne mafi cunkoso da saiwoyi a duk ƙasar. Idan saman ƙasa ya bushe kafin saiwar ta wuce shi, shikenan an rasa tsiron. Saboda haka duk maganar nan a kan watannin farko da shekarar farko take, ko a ce shekara biyu.

Abokiyar kokawar a yammacin Amurka ita ce wata ciyawa mai suna Bromus tectorum, wadda sunan da Amurkawa suka laƙaba mata yana nufin mai ha'inci. Daga Turai da Asiya ta shigo a ƙarshen ƙarni na 19, zuwa wajen 1930 ta riga ta mamaye yawancin yankin da take ciki yau, wato jihohin Nebada da Yuta da Aidaho da Oregon da makwabtansu. A can yawancin ruwan shekara a lokacin sanyi yake sauka, wani ma a matsayin dusar ƙanƙara. Ita wannan ciyawa tana tsirowa tun wajen Oktoba, saiwarta na ci gaba da tafiya cikin sanyin da sauran tsirrai ke barci, kafin ɗan sejburash ya leƙo a Maris ko Afrilu ta riga ta shimfiɗa saiwa ko'ina, ta zuƙe danshin, ta zubar da iri, zuwa Yuni ta bushe ƙayau ta zama makamashin wuta. Wuraren da a da sai a yi shekaru gommai gobara ba ta tashi ba, wasu yanzu ba sa cika shekara biyar. Shi kuma sejburash idan ya ƙone ba ya tohowa daga gindi, dole sai daga iri, irin ma ba ya nisa da uwarsa, 'yan mitoci kawai, kuma ba ya daɗewa da rai a cikin ƙasa. Gobarar Martin ta 2018 a Nebada kaɗai ta ci eka sama da 435,000, sannan wani rahoto da hukumomin ƙasar suka fitar a 2022 ya nuna ana asarar kimanin eka miliyan 1.3 na lafiyayyen dajin sejburash duk shekara.

Akwai wata ciyawar ma wadda mutane ne suka shuka da hannunsu, Agropyron cristatum, an kawo ta daga Rasha aka baza ta sosai tun shekarun 1930 don ta riƙe ƙasa ta ciyar da shanu, ta yi aikin kuwa, amma inda ta kafu da kyau ɗan itace na shan wahala kafin ya samu wuri.

Yanzu ga inda nake ganin an yi kuskure, kuma kuskuren gado ne daga noman hatsi. A 1968 wani masanin Ostireliya, Colin Donald, ya bayyana cewa mafi kyawun tsiron gona shi ne wanda ba ya takura wa na kusa da shi, gajere, mai ganye a miƙe, domin a gona makwabcinka ɗan'uwanka ne kuma manomi jimillar amfani yake so. Gajeriyar alkamar da ta kawo juyin noma a shekarun 1960 haka take. A gona akwai wanda zai yi noma ya cire ciyawa ya zuba taki, shi ya sa mai inganta iri ya saba da aiki a tsaftataccen fili, layi-layi, da tazara mai kyau, wani lokaci har da ban ruwa. Da aka zo kan tsirran filin kiwo sai aka ɗauko wannan tsarin, aka riƙa zaɓen wanda ya fi girma, ya fi ganye, ya fi zuba iri, dabba ta fi so. Misali sejburash da aka fitar da sunan Hobble Creek a Yuta a shekarun 1980, abin da ya sa aka zaɓe shi shi ne barewa da tumaki sun fi cin sa lokacin sanyi. A Ostireliya ma, hukumar bincike ta CSIRO ta duba itacen gishiri, wani gajeren itace mai jure ƙasa mai gishiri, Atriplex nummularia, har guda 60,000 kafin ta fitar da nau'in Anameka, kuma abin da aka sa a gaba shi ne narkewa a cikin dabba da daɗin ci. Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma wata tambaya daban ya amsa. Anameka ma ta hanyar yankan reshe ake yaɗa shi a dasa a filin da aka gyara, ba ya fara rayuwa a matsayin ƙwayar iri a tsakiyar ciyawa.

Wadda ta fito da wannan giɓin fili ita ce Elizabeth Leger ta Jami'ar Nebada da ke Reno. Yawancin aikinta a kan ciyayin asali ne na yankin, amma darasin ya shafi itatuwa kai tsaye. Ta je wuraren da ciyawar nan mai ha'inci ta daɗe da mamayewa ta ɗebo irin 'yan tsirarun da suka tsira a ciki, ta kwatanta da 'yan'uwansu na wuraren da ba a mamaye ba, sai ta ga a wasu wuraren na cikin mamayar sun fi iya zama da ita. Da ita da ɗalibanta suka bibiyi waɗanda ke rayuwa bayan an shuka a daji, sai ga shi sau da yawa ƙananan tsirrai ne, masu tashi da wuri, masu zuba ƙarfinsu a saiwa tun suna jarirai. A 2015 ita da abokin aikinta suka kwatanta siffofin da aka fi dubawa wajen fitar da nau'o'in iri da siffofin da ke sa tsiro ya rayu a daji, suka ga ba su dace ba sosai. Abin na da ma'ana idan ka yi tunani, ganye mai yawa ruwa mai yawa yake sha, tsiron da ya yi saurin buɗe ganye a ƙasar da ruwanta zai ƙare nan da mako shida ya ɗora wa kansa nauyin da saiwarsa ba za ta iya ɗauka ba.

Sai kuma a bambance abu biyu da ake haɗawa a kira su ƙarfin gasa. Deborah Goldberg ta Jami'ar Mishigan ta raba su tun wajen 1990, akwai iya danne makwabci, akwai iya jure dannewar makwabci. Ɗan tsiron itace mai tsawon yatsa ba zai taɓa danne ɗaruruwan ciyayin da ke kewaye da shi a murabba'in mita ɗaya ba, ko wane irin gado yake ɗauke da shi. Abin da ake nema a wurinsa juriya ce, ya iya zama da ɗan ruwa kaɗan, ya rufe ƙofofin ganyensa idan rana ta take, ya tura saiwa ƙasa da sauri, ya kai damina ta gaba da ransa. Dannewar za ta zo daga baya idan ya girma ya yi inuwa.

Kuma akwai dalilin da ya sa nake tsoron a bi hanyar dannewa zalla. Kociya, Bassia prostrata, ɗan gajeren itace ne daga Asiya ta Tsakiya da kewaye, Amurka ta fitar da nau'insa mai suna Immigrant a 1984, sannan Snowstorm a 2012 wanda ya fi tsawo don dabba ta same shi a saman dusar ƙanƙara. Yana iya kokawa da ciyawar nan sosai, yana zama ɗanye lokacin zafi har ana shuka shi layi-layi don tare gobara, masu kiwo suna son sa. Amma bincike a Aidaho ya nuna yana fita daga inda aka shuka shi yana shiga wuraren tsirran asali, kuma muhawarar ba ta mutu ba har yau. Wanda ya fi wannan muni shi ne Prosopis juliflora da aka kai gabashin Afirka a shekarun 1970 da 1980 don ya tsayar da hamada, yanzu ya shaƙe filayen kiwo a Afar ta Habasha da Baringo ta Kenya, ciyawa ba ta fitowa a ƙarƙashinsa. Mai kiwo yana buƙatar ciyawar kamar yadda yake buƙatar itacen, idan itace ya yi nasara gaba ɗaya shi ma an rasa filin.

To yaya za a yi gwajin a aikace? A faɗe abu ne mai sauƙi, ka tara iri daga wurare da yawa, ka riƙe 'ya'yan kowace uwa daban, ka shuka rabi a fili mai ciyawa rabi a wanda aka share, ka ga 'ya'yan wace uwa ne suka fi rayuwa. A aikace kuwa wahala ce iri-iri. Da zarar ka bar ciyawa a fili kowane tsiro ya samu makwabta daban, wannan ciyawa goma ce a gefensa wancan hamsin, wannan ya faɗo a ɗan kwari mai tara ruwa wancan a kan tudu, sai ya zama ba ka san ko gado ne ya cece shi ko sa'ar wuri ba. Maganin shi ne yawan maimaici, dubban tsirrai, wurare da yawa, shekaru da yawa, kuma a busasshiyar ƙasa akwai shekarun da komai zai mutu ba ka koyi komai ba, akwai shekarun da ruwa zai wadata komai ya rayu nan ma ba ka koyi komai ba. Akwai kuma tarkon lissafi, idan ka auna juriya da cewa kashi nawa girman tsiro ya ragu saboda ciyawa, wanda dama can ba ya girma zai fito kamar gwarzo. Girman ƙwayar iri ma na ruɗarwa, uwar da ta samu ruwa sosai a shekarar za ta ba 'ya'yanta guzuri mai yawa su yi saurin tashi, kai kuma ka ɗauka gado ne. Sannan abin da ya fi muhimmanci, wato saiwa, a ɓoye yake, sai dai a shuka a dogayen bututu ko akwatin gilashi a riƙa aunawa, kuma saiwar cikin bututu ba lallai ta yi halin ta cikin daji ba.

Lokaci ma wani abu ne. Mai inganta alkama na iya yin zagaye biyu a shekara, shi kuwa itace sai ya yi 'yan shekaru kafin ya yi fure, don haka zagaye uku ko huɗu na zaɓe sun cinye rabin rayuwar aikin mutum, kuɗin bincike kuma yawanci na shekara uku zuwa biyar ake bayarwa.

Gadon nasu ma a cakuɗe yake. Sejburash iska ce ke kai masa garin fure, ƙwayoyin uwa ɗaya na iya zama da uba daban-daban. Yana da manyan rukuni uku, na kwari da na tsauni da wanda ake kira na Wayomin, wasu na da kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta, guda 18 wasu 36, kuma na Wayomin mai 36 shi ne na wurare mafi bushewa. A ido suna kama, har sai an jiƙa ganye a ruwa an haska da fitilar ultarabayolet, na tsauni ya yi shuɗin haske. Tunda kusan duk irin da ake sayarwa daga daji ake karkaɗo shi, an sha watsa irin rukunin da bai dace da wurin ba, ya mutu, a ɗora laifin a kan ciyawa. Durant McArthur da abokan aikinsa a cibiyar binciken gajerun itatuwa da ke Provo a Yuta, wadda aka buɗe a 1975, sun shafe shekaru suna warware wannan. Su ne ma suka nuna cewa a wani itacen gishirin, Atriplex canescens, mai namiji daban mace daban, wasu kan sauya jinsi bayan tsananin sanyi ko fari. Ka ga mai son haɗa wannan uwa da wancan uba yana da aiki a gabansa.

Kuma kusan duk siffar da ka ja, wata na saki. Tsirowa da wuri na ba ka damar riga ciyawa shan ruwa, amma sanyin dare ɗaya na iya kashe tsiron. Rage ɗacin ganye na sa dabba ta ci ta ƙoshi, amma wannan ɗacin shi ne garkuwarsa, ɗan tsiro mai daɗi a tsakiyar busasshiyar ciyawa shi zomo da tunkiya za su fara tsinkewa, kuma wanda aka cinye kansa ba shi da abincin da zai tura saiwa. Ni a ganina gara a fara samun wanda zai rayu, daga cikinsu a nemi mai daɗin.

Wani abin da ke ƙara rikita lissafin shi ne makwabci ba kullum yake abokin gaba ba. A 1987 James Richards da Martyn Caldwell a Yuta suka nuna cewa sejburash da dare yana ɗago ruwa daga can ƙasa ya sake shi a busasshiyar ƙasar sama, na kusa da shi ma su samu. A 1994 kuma Mark Bertness da Ragan Callaway suka kawo ra'ayin cewa idan wuri ya fi tsanani taimakon juna tsakanin tsirrai na ƙaruwa, inuwar makwabci na iya zama abin da ya hana ɗan tsiro ƙonewa. Don haka irin da ya yi fice a fili mai danshi inda faɗan na haske ne, ba lallai ya yi fice a busasshen fili ba inda faɗan na ruwa ne, kuma ba za a samu nau'i ɗaya da zai yi aiki ko'ina ba. Shi ya sa ake raba ƙasa shiyya-shiyya bisa sanyi da ruwan sama, a ce irin wannan shiyya kar ya tsallaka waccan.

Ba na so kuma a ɗora wa inganta iri abin da ya fi ƙarfinsa. Inda ciyawa ta yi kauri sosai dole a rage ta tukuna, ko da maganin feshi irin su imazafik da indaziflam masu hana irin ciyawa tsirowa, ko da kiwo a daidai lokacin da take ɗanya. A Oregon an gwada dunƙule iri a cikin garin gawayi na musamman don maganin feshin kar ya kashe shi. Wasu kuma sun koma rainon tsiro a leda ana dasawa, wanda ya fi rayuwa nesa ba kusa ba tunda ya tsallake watannin nan masu haɗari, sai dai tsadarsa ba za ta bari a rufe eka dubu ɗari huɗu da shi ba, sai a dasa tsibiri-tsibiri a jira su yaɗu. Ingantaccen iri zai ƙara ne a kan waɗannan, idan a cikin ƙwaya dubu, ɗaya ce ke rayuwa sai ta koma uku, a filin da aka watsa miliyoyi wannan bambanci ne babba.

Hanyar da ta fi kwanta min a rai ita ce a bar daji ya fara yin zaɓen. A filayen da ciyawa ta mamaye shekara hamsin ko fiye akwai itatuwan da suka tsiro suka girma a cikinta, waɗannan sun riga sun ci jarrabawar da muke ƙoƙarin shiryawa a tashar bincike. A ɗebo daga gare su, a gwada 'ya'yansu a cikin ciyawa, a riƙe iyalai da yawa masu kyau a cakuɗa su maimakon a tsaya kan gwarzo ɗaya, domin itacen da zai yi shekaru gommai a wuri zai gamu da fari da sanyi da ƙwari waɗanda ba su zo ba a shekarun gwaji. Shirin tara irin tsirran asali da Amurka ta fara a 2001 tare da ma'ajiyar iri ta Kew a Ingila yana da ƙa'idar da ta dace da wannan, a ɗebo daga tsirrai aƙalla 50 a wuri ɗaya, kuma kar a kwashe fiye da kashi 20 cikin ɗari na irin da ya nuna a ranar. Abin da ke damuna shi ne waɗannan 'yan tsirarun itatuwa suna tsaye ne a tsakiyar busasshiyar ciyawa, wurin da ya fi ko'ina saurin kamawa da wuta, kuma masu tara iri sun fi zuwa lafiyayyen daji inda za su cika buhu da wuri.